Tostar Zalman Mai Guga

Shekarar da abin ya faru ta kuɓuce mini. Na san dai lokacin sanyi ne, domin ina tuna dusar ƙanƙara ta kusa kai gwiwa a layinmu na Montreal, kuma na san ban riga na ajiye aikin ɗakin karatu ba. Ranakun ma wataƙila na gauraya su; abin da zan ce ya faru Talata yana iya zama Laraba. Akwai kuma wani maƙwabci a cikin labarin da sunansa ya tafi ya bar ni da gashin bakinsa kawai. Amma kujerar ba ta ɓace mini ba, ita da warin ƙonannen riɗi, wanda har yau idan ya bugi hancina sai in waiga in nemi Zalman.

Kujerar 'yar ƙarama ce ta katako, mai ƙafa uku, a gefen tanderu a shagon Berel Tannenbaum mai begel, burodin nan mai rami a tsakiya kamar gammo, wanda ake tsoma shi a tafasasshen ruwan zuma kafin ya shiga wutar itace. Shekara talatin da ɗaya Zalman Pinsker yana zama a kanta. Ba wanda ya ba shi ita. Wata rana ya zauna, shi ke nan bai tashi ba. Mai kujerar shi ake miƙa wa begel na farko idan Berel ya zaro dogon katakonsa daga wuta ran Lahadi, yana turiri, riɗi na zuba, sauran mutanen unguwa kuwa suna waje a layi suna buga ƙafa saboda sanyi. Zalman kan ɗaga nasa ya nuna musu ta gilashi kafin ya gatsa.

Doka ɗaya ce a shagon, kuma ba a rubuta ta ba: begel ɗin da ya fito daga tanderun Berel ba ya sake ganin wuta. Baƙon da ya ce a yanka masa a gasa, Berel kan dube shi kamar ya zagi mahaifinsa, ya nuna masa ƙofa da katako.

Zalman tsohon mai guga ne a masana'antar ɗinki. Tun da ya ajiye aiki ya zama masanin duk wani abu mai zafi, daga shayi har rana. Ana nan sai 'yarsa da ke aure a Toronto ta aiko masa da tosta, na'urar gasa burodi, mai baki huɗu, tana ƙyalli kamar sabuwar mota. Tana da abin murɗawa mai lamba ɗaya zuwa bakwai, da wani maɓalli mai jar fitila da aka rubuta begel a kansa. Takardar bayanin da ta zo a kwalin kuwa Zalman ya duƙunƙune ta ya jefa a kwandon shara, ya gaya wa matarsa Gittel cewa takarda ta jahilai ce.

Ran Lahadi ya shigo shago yana ƙyalli kamar tostar. Ya karɓi begel ɗinsa na farko, ya cinye tas, ya tsince riɗin da ya zuba a rigarsa, sannan ya sanar da cewa zamanin itace da toka ya wuce. Ya ce yana da na'ura a gida da za ta tayar da begel ɗin kwana uku ya dawo sabo fil, har mai shagon ba zai bambance ba.

Berel bai waiga ba. Yana mulmula kwaɓi a tafin hannu ya ce, "Mai guga, wando ka sani. Bar burodi ga masu shi."

"Zafi na sani, Berel. Shekara talatin da huɗu ina tsaye kan tururi. Kai itace kake jefawa ka koma gefe kana addu'a. Ni lamba nake murɗawa."

A nan ne Berel ya ajiye kwaɓin. Ya ce to, a kawo na'urar Lahadi mai zuwa. Ran Alhamis zai ware begel biyu ya ɗaure su a jakar takarda ya rataye a saman kanta. Ran Lahadi a ɗaure masa ido, a miƙo masa sabo, a miƙo masa na tosta. Idan ya kasa ganewa, zai ɗora na'urar a kan kantarsa da hannunsa, duk mai so a gasa masa. Idan kuwa ya gane, Zalman ya tashi daga kujerar, ya bi layi kamar kowa.

Kusa da kujerar akwai Stamatis, tsohon direban tasi mutumin Girka, wanda ya yi shekara goma sha biyu yana jingine da bango yana jiran ko Zalman zai yi tafiya, ko mura ta kwantar da shi. Shi ne ya fara cewa sharaɗin ya yi daidai. Ni kuma aka naɗa ni shaida, wai tunda ina sa tabarau kuma aikina karanta tsofaffin takardu. A layinmu wannan ya isa a kira mutum Farfesa.

Matsalar farko ita ce Berel ya ƙi sayar wa Zalman ko begel ɗaya a makon nan. Ya ce ba zai miƙa 'ya'yansa ga wanda ya yi shelar zai ƙona su ba. Ya kuma gargaɗi unguwa cewa duk wanda ya saya masa a ɓoye, shi ma ya nemi wani shagon. Zalman ya ce ko a jikinsa. Wanda ya ƙware a burodin duniya, begel wasan yara ne gare shi. Zai yi gwaji da na maƙwabta.

Litinin ya fara da na gida, ragowar burodi mai kitso na Asabar, ranar hutunsu ta Yahudawa, wanda Gittel ke kwaɓawa da ƙwai da zabibi. Ina zaune a ɗakina a benen da ke saman nasu ina duba wata tsohuwar wasiƙa sai na ji wari yana hawowa ta matakala, na sauko. Na tarar Zalman ya danna maɓallin nan mai jar fitila, domin a cewarsa shi ne maɓallin manya, sauran na masu koyo ne. Yankan burodin ya fito gefe ɗaya baƙi ƙirin, ɗaya gefen fari sol, sanyi kamar bai shiga ko'ina ba. Zabibin ya zube ƙasan na'urar yana ta hayaƙi shi kaɗai. Zalman ya jujjuya yankan, ya yanke hukunci cewa ƙwai ya yi yawa.

Gittel tana buɗe tagogi cikin wannan sanyi ta ce, "Injiniya, shekara arba'in da biyu ban taɓa ƙona burodin Asabar ba. Kai ka ƙona shi a minti biyu, kuma rabi kawai. Ko ƙonawar ba ka iya gamawa ba."

Ya ce mata duk wani babban aiki da hayaƙi yake farawa, ya murɗa lambar daga huɗu zuwa biyar.

Talata ya sauka wajen Dona Filomena, wata dattijuwa mutuniyar Portugal da ke ɗakin ƙasa, wadda ke yin burodin masara mai nauyi kamar dutsen niƙa. Ya roƙi aron rabi, ya yi alkawarin zai dawo mata da shi ya fi yadda ta ba shi. Ta biyo shi sama don ta ga ikon Allah. Zalman ya yanka da kauri, ya ce siririn yanka raini ne ga na'ura irin wannan. Yankan ya ƙi shiga. Ya danna shi da tafin hannu, ya shiga. Da lokaci ya yi na'urar ta yi ƙara, ta yi tsalle a kan teburi, burodin bai fito ba. Ta sake ƙara. Zalman ya ɗauko cokali mai yatsu zai zura, Gittel ta yi wuf ta zare wayar daga bango, tana cewa ba ta shirya takaba a tsakiyar mako ba. Ya yi ta haƙa kamar mai tonon rijiya, har cokalin ya zame ya bar zane uku a kafaɗar tostar ta hagu, dogaye, a jere.

Dona Filomena ta karɓi burodinta a cikin kofin shayi. Ta daɗe tana duban cikin kofin, ta ce, "Sinyor Zalman, burodi na ba ka. Ka dawo mini da tsakin kaji, ni kuwa ba ni da kaji."

Zalman ya bayyana mata cewa masara ba ta da ladabi, ba ta jin magana, kuma ba laifinta ba ne, haka ƙasarsu take. Ta sauka tana magana da waliyyanta cikin yarensu. Shi kuma ya kai lamba shida.

Laraba ba sai da ya nema ba. Stamatis da kansa ya hawo da burodinsu na Girka, faffaɗa, siriri kamar faifai, guda shida, ya ce kyauta ce don ci gaban ilimi. Na farko bai da nauyi, da na'urar ta sake shi sai ya tashi sama, ya bi ta tagar da ke buɗe tun Litinin, ya sauka a kan dusar ƙanƙara gaban mai raba wasiƙu. Zalman ya ce ya gano cutar, rashin nauyi ne. Ya lafta wa na biyu man shanu ta gaba da baya kafin ya saka shi. Man ya narke ya gangara kan zabibin Litinin da garin masarar Talata, sai ga ɗan harshen wuta yana leƙowa daga baki na biyu. Gittel ta zare waya, ta kife tukunya a kai.

Stamatis kuwa ya dafa kafaɗar Zalman ya ce, "Kada ka karaya, maƙwabci, hannunka mai albarka ne. Ni a ganina zafin ne bai isa ba." Da yamma aka gan shi a kantin kayan ɗaki yana taya 'yar matashiya zagayayya, yana auna faɗinta da tafin hannu.

Daga nan labari ya zaga layi. Mata suka riƙa ɓoye burodi idan suka ji takunsa a matakala. Maƙwabcin nan mai gashin baki, wanda na ce sunansa ya tafi, ya ba da baƙin burodinsa mai tsami, kuma ina tuna bai sake gaishe da Zalman ba har bazara. Me ya sami burodin, ban riƙe ba. Ina zaton abin da ya sami sauran ne.

Ran Alhamis Berel ya ɗaure begel biyu a jaka a gabana, na sa hannu a kan ƙullin, aka rataye. A ranar ce kuma Zalman ya yi babban bincikensa. Ya kunna tostar ba komai a ciki, ya leƙa, ya ga cewa idan jar fitilar nan tana ci, wayoyin tsakiya ne kaɗai ke yin ja, na gefe suna nan baƙi. Ya kira ni da Gittel ya nuna mana kamar shi ya ƙera. Ya ce yanzu komai ya fito fili: na'urar gefe ɗaya take bugawa, kamar dutsen guga, kuma a duniya ba wanda ya san dutsen guga kamarsa. Duk ɗan koyo ya san ba a ɗora ƙarfe mai zafi a fuskar yadi mai tsada, juya shi ake yi a goge ta baya. Fuskar begel ita ce farar nan mai laushi da wuƙa ta buɗe. Saboda haka farin zai kalli waje, bayan mai riɗi shi zai kalli wuta.

Na ce masa a hankali, ko za a nemo takardar nan a duba. Ya tambaye ni ko takarda ta taɓa goge wando. Gaskiya ban taɓa ganin ta goge ba. Gittel tana wanke kofuna ba ta juyo ba.

Juma'a da yamma ta lulluɓe tostar da ƙyalle, ta ce har Asabar ta fita ba mai taɓa ta, don addininsu ya hana kunna wuta a ranar. Zalman ya yi kwana biyun yana gwaji da baki, kuma a bakin komai ya gasu daidai.

Lahadi da safe ya naɗe na'urar a bargo kamar jariri, ya rungume ta, muka bi shi. Layin ƙofar shago ya ninka na kullum, har da waɗanda ba begel ya kawo su ba. Dona Filomena ta zo daga coci kai tsaye da hularta. Stamatis yana jikin bangonsa, gaban kwat ɗinsa ya kumbura. Aka bar ƙofa a buɗe don na waje su gani. Berel ya zauna a kan buhun fulawa, na ɗaure masa ido da tawul, na kwance jakar.

Begel ɗin kwana uku ba ya yankuwa da daɗi. Zalman ya yi ta zarto har gumi ya keto masa, wuƙar ta zame sau biyu, a ƙarshe ya sami ɓari huɗu, ba biyun da suka yi kama da juna. Ya soka wayar a bango kusa da firiji, ya jera su, riɗi na kallon tsakiya, fari na kallon waje. Mai kaurin cikinsu ya danna shi da babban yatsa. Ya murɗa lamba bakwai, ya ce tsohon abu sai da cikakken zafi. Ya danna jar fitila, ya juya ga jama'a ya fara jawabi a kan yadda jikokinsu za su yi dariya idan aka ce musu da itace ake yin burodi.

Riɗin ya fara tsalle yana ƙara kamar gugguru. Sai hayaƙi, siriri da farko, sannan mai kauri. Zalman ya ce wannan ƙamshi ne, a saurara. Lokacin fitowa ya yi, na'urar ta yi ƙara ta girgiza, mai kaurin nan ya riƙe ta, ta ci gaba da aikinta. Ƙararrawar hayaƙi da ke rufin shagon, wadda ba wanda ya taɓa jin muryarta, ta ɓarke da kuka. Na waje suka turo kai ciki, na ciki suka nemi waje, aka cushe a ƙofa.

Berel yana zaune a kan buhunsa, ido a ɗaure, hannu a gwiwa. Ya juyo da kai wajena ya ce, "Farfesa, gaya mini gaskiya. Shagona ne ke ci, ko karin kumallona?"

Kafin in amsa wani abu ya yi ƙara a bango, fitilun shagon suka mutu, firiji ya yi shiru, jar fitilar ma ta ɗauke. Aka bar mu da hasken tanderu kawai, wanda bai san an yi wani abu ba, yana ta cin itacensa.

Wata mata a benen sama ta riga ta kira 'yan kwana-kwana. Suka iso da jar motarsu ta toshe layi, suka shigo da gatari, suka tarar da tsoho ɗaure da tawul a kan buhu, da wani tsohon yana fifita na'ura da hularsa. Babbansu ya duba tanderun, ya duba tostar, ya ce shekara arba'in wuta na ci a shagon nan dare da rana ba a taɓa kiransu ba sai yau. Suka tsaya kallo, tunda sun riga sun zo.

Zalman ya ce gwaji bai ƙare ba, a ci gaba. Da abin kama garwashi aka zaro ɓari ɗaya. Bayansa ya koma gawayi, fuskarsa fara ce, sanyi, da taurinta na kwana uku ba abin da ya ragu. Na miƙa wa Berel sabo tukuna. Ya matsa shi, ya sansana, ya gatsa. Sannan na miƙa masa na tostar. Ya jujjuya shi a hannu, ya ƙwanƙwasa shi a kan kanta sau biyu, ƙarar ta kai har bakin titi.

Ya ce, "Wannan na mai guga ne, ko ƙafar kujerar ce kuka ciro kuka miƙo mini?"

Har 'yan kwana-kwanan sai da suka dafa bango. Zalman ya fara bayanin cewa lantarkin shagon tsoho ne, ba ya ɗaukar na'urar zamani, amma kafin ya kai tsakiyar maganar Stamatis ya zaro matashiyarsa daga cikin kwat, ya ɗora a kan kujerar, ya zauna a hankali, ya miƙe ƙafafu wajen wuta. Faɗinta ya yi daidai, ba ragi ba ƙari.

Gittel ta naɗe bargonta ta sa a hammata. Ta ce bargo nata ne, zai koma gida, miji ma za a iya komawa da shi, amma abin can ba zai sake hawa matakalarta ba. Aka bar tostar a kan buhun fulawa. Lahadi mai zuwa ba ta wurin, kuma ba wanda ya tambaya.

Daga ranar Zalman ya bi layi. Yakan tsaya cikin dusar ƙanƙara yana gaya wa na gabansa da na bayansa cewa shi da kansa ya bar kujerar, likita ya ce zama kusa da wuta yana busar da huhu. Stamatis kan ɗaga begel na farko ya nuna masa ta gilashi kafin ya gatsa. Zalman kan juya baya ya ci gaba da bayanin huhu.

Bayan shekara goma sha ɗaya, wannan lissafin na tabbata da shi, Berel ya rasu. Na je zaman makoki a gidansa. Matarsa Perla ta roƙe ni in ɗauko ruwan zafi a kicin, na shiga, sai na ga tosta mai baki huɗu a gefen taga. Ƙyallinta ya dusashe, rubutun da ke kan maɓallin ya goge saboda yawan dannawa. A kafaɗarta ta hagu akwai zane uku, dogaye, a jere.

Na tambayi Perla. Ta leƙa falo, ta rage murya, ta ce tun daren Lahadin gwajin Berel ya shigo da ita a cikin buhu. Haƙoransa sun daɗe da gajiya, kuma mai shago ragowar jiya yake kawowa gida. Kowace safiya sai ya gasa biyu, labule a sake. Ta buɗe aljihun teburi ta ciro wata takarda da aka taɓa duƙunƙunewa aka sake miƙar da ita, ta ce takardar bayanin tostar ce, Gittel ce ta kawo masa washegari, ta tsince ta a kwandon shara tun ranar farko ta adana.

Na sa tabarau na karanta ta sau biyu, kamar yadda na saba da kowace takarda. A shafi na biyu akwai zanen begel da aka raba, da 'yar kibiya: farin da aka yanka shi ke kallon tsakiya, wajen wuta. Na tambayi Perla ko marigayin ya taɓa ƙona ko guda. Ta ce ko sau ɗaya. Lamba uku yake sawa.